Kicin ɗin Anti: Burodin fich ya ƙi gasuwa a tsakiya, da sauran tambayoyinku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan jiya da muke maganar kayan shan shayin safe na ambaci burodi mai zaƙi da ake sa wa fich (wani ɗan itace ne mai girman lemun zaƙi da ƙwallo ɗaya a tsakiya), wanda ba a sa masa yis, a layi biyu kawai na faɗe shi na wuce, sai ga wasiƙu sun yi ta shigowa a kansa. To yau shi za mu zauna a kai. Na fara da wadda ta fi tsawo don amsarta ce za ta warware rabin sauran.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni ina zaune ne a jihar Jojiya ta Amurka kusa da Atlanta, aure ne ya kawo ni shekara biyu ke nan. Yanzu lokacin fich ne a nan duk kasuwar da ka shiga shi ne, maƙwabciyata wata dattijuwa mai kirki ta kawo min kwando guda daga irin gonakin nan da mutum ke zuwa ya tsinka da hannunsa, ta ce in yi burodi da shi irin nasu. Anti sau biyu ina yi wallahi duk bai yi ba, sama ya yi ja har yana neman ƙonewa amma in na yanka sai in tarar da tsakiyar a caɓe kamar ɗanyen kwaɓi, fich ɗin kuma duk ya gangara ƙasa ya taru waje ɗaya. Na buga kwaɓin sosai da inji yadda nake buga kek a gida, kuma fich har guda 6 na zuba don ya ji. Maigida dai bai ce komai ba ya ci gefe-gefen, ni ce abin ya tsaya min a rai, ga sauran fich ɗin suna ta laushi a kwando. Don Allah a taimaka min.
Ƙanwarki daga Jojiya

AMSA: Ƙanwata sannu da ƙoƙari, kuma ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiya lau yake, ruwa ne ya yi wa kwaɓin yawa. Fich nunanne in kin auna shi kusan kashi 89 cikin 100 ruwa ne zalla. To ki duba, guda 6 kika yanka kika zuba a kwaɓin gwangwani ɗaya, kamar kin ɗauki kofi biyu ko uku na ruwa ne kin ɓoye a cikin kwaɓin, da zafi ya taɓa shi sai ya saki ruwan nan gaba ɗaya a ciki, waje ya gasu ya yi ɓawo ya rufe, ciki kuma yana ta tafasa babu ta inda ruwan zai fita. Shi ya sa kika ga sama ja, tsakiya ɗanye. Duk abin da zan faɗa miki daga nan zuwa ƙasa dabarar shawo kan ruwan nan ne.

Na biyu kuma bugun. Wannan abin sunansa burodi amma ba a murza shi kamar burodin yis, ba a kuma buga shi kamar kek ɗin biki. Kin san in za mu yi funkaso ko fanke muna buga kwaɓin har sai ya yi danƙo yana ja, saboda danƙon nan na alkama, wanda masana ke kira gulutin, shi ke riƙe iskar da yis ya saki a hankali. A nan kuwa ba ma son danƙon ko kaɗan. Abin da ke tayar da shi bekin fauda ne da soda, su kuma da sun ji ruwa suke fara aiki, in kika tsaya bugu da inji kin fitar da iskar, kin kuma tayar da danƙon, sai ya fito da tauri da ramuka dogaye a ciki kamar an zura yatsa. Ki ajiye injin nan, muciya ko babban cokali ya ishe ki.

Ga yadda nake yi, na gwangwanin burodi ɗaya, irin mai tsawon inci 9 da faɗin inci 5 wanda shi ne za ki fi samu a can. Fulawa kofi 2, wato giram 250. Suga kashi uku cikin huɗu na kofi, giram 150, in fich ɗin ya nuna sosai ma kina iya ragewa. Bekin fauda cokalin shayi 1 da rabi, soda rabin cokalin shayi, gishiri rabin cokalin shayi. Ƙwai 2, man gyaɗa ko wani mai mara ƙamshi rabin kofi, yogot mara suga rabin kofi, mu a gida kindirmo muke sawa kuma wallahi ya fi. Kirfa cokalin shayi 1, garin citta ɗan kaɗan, in kina son gyaɗar miya ki goga kaɗan sosai don tana danne ƙamshin fich. Shi kuma fich ɗin kofi ɗaya da rabi bayan kin yanka, guda 2 manya ke nan ko 3 matsakaita. Na san zuciya za ta ce ki ƙara tunda ga shi jibge a kwando, kar ki ƙara.

Wanda za ki zaɓa shi ne wanda ya nuna yana ƙamshi, in kin ɗan danna kusa da hancin ya amsa amma bai lotsa ba. Waɗanda suka yi laushi tuɓus ki ware su gefe, ba na burodi ba ne, zan faɗa miki abin da za ki yi da su. Fich iri biyu ne ta wajen ƙwallo, akwai wanda ƙwallon ya manne da nama sai an yi ta sassaƙa da wuƙa, irinsa ne ke fara fitowa wajen watan Mayu zuwa farkon Yuni, akwai kuma wanda da kin tsaga kin murɗa ƙwallon zai fita tas, shi kuma sai lokaci ya yi nisa, ƙarshen Yuni zuwa Agusta. Na biyun ya fi sauƙin aiki, amma duk wanda ke hannunki zai yi.

Ɓawon kuma, in gashin jikinsa bai dame ki ba ki wanke ki goge da tsumma ki bar shi, yana ba burodin kala mai kyau. In kina son cirewa kar ki fere da wuƙa ki yi asarar nama, ki ɗan tsaga gindinsa tsaga biyu a gicciye, ki jefa a tafasasshen ruwa daƙiƙa 30, ki tsamo ki jefa a ruwan ƙanƙara, ɓawon zai saluɓe da kansa kamar yadda muke yi wa tumatir. Sai ki yanka ƙanana, kamar girman ƙwayar gyaɗa ko gujjiya, manyan yanka su ne ke nutsewa ƙasa kuma su ne ke barin rami mai ruwa a kewayensu. Ki zuba a rariya ki bar shi minti 15 ya tsane, ki juye a kan tsumma mai tsabta ki ɗan danna. Daga nan ki ɗebi babban cokali 2 daga cikin fulawar da kika auna, ba ƙari ba fa daga cikinta, ki barbaɗe yankan da ita ki juya. Fulawar nan tana shan damshin jikinsu kuma tana taimaka musu su tsaya a inda aka sa su, duk da dai babban abin da ke riƙe su shi ne kaurin kwaɓin, in kwaɓi ya yi ruwa ko me kika barbaɗa sai sun gangara.

Ki kunna oben tun kafin ki fara haɗi, 350 a irin lissafin da ke jikin oben ɗinku na Amurka, mu a namu lissafin 175 zuwa 180 ke nan. Ki shafe gwangwani da mai ki barbaɗa fulawa. Kayan gari a kwano ɗaya ki tankaɗe su tare, ƙwai da suga da mai da yogot a wani kwanon ki kaɗa su haɗu, sannan ki juye na ruwan a cikin na garin ki juya da muciya a hankali, da kin ga saura ɗan farin gari nan da can ki tsaya ki zuba fich ki ƙara juyi uku huɗu shi ke nan. Ko kin ga 'yan gudaji ki ƙyale su, wuta za ta daidaita su. Kwaɓin zai yi kauri, yana faɗowa daga cokali guda-guda ba zuba ba, har za ki ce anya bai yi tauri ba, haka ake so, ruwan da zai sassauta shi yana nan cikin fich ɗin yana jiran zafi. Ki juye nan take ki sa a tsakiyar oben, kar ki bar kwaɓi yana jiran ki.

Gashin yana ɗaukar minti 55 zuwa 65, wani lokacin har 70, kuma a nan mutane da yawa ke faɗuwa saboda a minti 40 saman ya riga ya yi kyau ƙamshi ya cika gida sai a ce ya yi. Bai yi ba. In kin ga saman ya yi jan da kike so ki yafa masa foyil sako-sako ki bar shi ya ci gaba. Ki soka dogon tsinke irin na tsire a tsakiya har ƙasa, wuri biyu ko uku don kina iya dacewa da yankan fich ki ɗauka ɗanye ne, in ya fito da 'yan ɓurɓushi ya yi, in ya fito da kwaɓi ki mayar ki ƙara minti 5. In kina da ma'aunin zafin nan da ake sokawa a nama, tsakiyar ta kai 200 a lissafinku, wato wajen 93 a namu. Tsagewar da zai yi a sama kuma ba aibi ba ce, haka kamanninsa suke. In gwangwanin naki na gilashi ne ki rage wutar zuwa 325 ki ƙara lokaci.

Ya fito ki bar shi minti 15 a gwangwani, ki juye a kan raga, kuma ki daure kar ki yanka sai ya yi awa ɗaya aƙalla. Da zafinsa ko wanda ya gasu sarai in an yanka sai ya yi kamar bai gasu ba.

Sauran da suka yi laushi a kwandon, ki yanka su ki zuba a tukunya da ɗan suga da matsin lemun tsami ki dafa a wuta kaɗan su yi kauri, ki riƙa shafawa a kan burodin ko ki zuba a yogot, wasu kuma ki jera yankan a faranti su daskare a firiza sannan ki ɗure a leda, lokacin sanyi za ki gode. Kuma in ya yi kyau ki yanka rabi ki kai wa dattijuwar nan, haƙƙin maƙwabtaka ne, ita ta fara.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni fa har yanzu ban gane mene ne fich ɗin nan ba, ban taɓa ganinsa a 'Yan Lemo ba. Na dai ga na gwangwani a babban kanti. Zai yi? Ko akwai abin da zan sa a madadinsa?
'Yarki daga Kano

AMSA: 'Yata ba laifinki ba ne, ba ɗan ƙasarmu ba ne. Girmansa kamar lemun zaƙi, jikinsa ja da ruwan ɗorawa, da ɗan gashi laushi a ɓawon, ƙwallo ɗaya babba mai kaushi a tsakiya. Larabawa na ce masa khaukh, duk wanda ya zauna Masar ko Sudan ko Saudiyya ya san shi da wannan sunan, 'yan uwanmu na Nijar kuma da sunan Faransanci suka san shi, pesh. Asalinsa daga Sin yake, can aka fara nomansa shekaru dubbai da suka wuce kuma har yau fiye da rabin wanda ake nomawa a duniya can ne, ya bi hanyar fatake ya ratso ta Farisa ya shiga Turai, shi ya sa Turawan da suka ɗauka ɗan Farisa ne har sunan ya bi shi. Dalilin da ba ki ganinsa a gonakinmu, bishiyarsa sai ta sha sanyi sosai, awoyi ɗaruruwa a ƙasa da digiri 7, tana barci babu ganye, kafin ta yarda ta yi fure yadda ya kamata. Hunturunmu bai kai nan ba. Ɗanyen da za ki ci karo da shi jefi-jefi a manyan kantunan Abuja ko Legas daga waje aka kawo shi, mai tsada, kuma sau da yawa an tsinke shi bai nuna ba ya daɗe a sanyi, in kin gutsura sai ki ji shi gari-gari babu ruwa babu ƙamshi. Ni ba zan ce ki kashe kuɗinki a kansa ba.

Na gwangwani zai yi, sai dai ki sani an riga an dafa shi kuma a cikin ruwan suga yake kwance. Ki tsiyaye ruwan tas, ki yanka ƙanana, ki tsane a tsumma sosai fiye da yadda na ce a yi wa ɗanye, ki rage sugan kwaɓin zuwa rabin kofi. Gwangwani mai giram 410 in an tsiyaye yakan bar wajen giram 240, ya isa burodi ɗaya. Ƙamshin ba zai kai na ɗanye ba, ki ɗan goga bayan lemun tsami a kwaɓin ya farfaɗo da shi.

Amma in ni ce ke, ina Kano, mangwaro zan jira. Daga watan Maris zuwa Mayu ga shi nan a kowane lungu har yana ruɓewa a ƙasa, kuma wallahi a wannan burodin bai bar wa fich komai ba, ruwansa ma bai kai na fich ba don haka ya fi sauƙin sarrafawa. Ki nemi mai tsoka mara zare wanda ya nuna amma da sauran ƙarfinsa, irin wanda za ki iya yankawa da wuƙa ya tsaya bai narke ba. Mai zare na tsotso ne, kar ki kai shi kusa da kwaɓi. Awo ɗaya ne, kofi ɗaya da rabi. Kuma tunda na san da gwangwanin madarar ruwa muke awo, ki lura shi bai kai kofin da nake nufi ba, kofina mililita 240 ne, kusan gwangwanin madara ɗaya da rabi ke nan, to fulawa kofi 2 ki auna gwangwani 3 a shafe ba a danne ba.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Me ya sa ake sa bekin fauda a kuma sa soda, ba abu ɗaya ba ne? Na taɓa yin na ayaba na sa soda cokali biyu don ya tashi sosai sai ya fito baƙi-baƙi yana ɗanɗanon sabulu yara suka ƙi ci. Sannan kakata ta ce ai kanwa ma za ta yi.
Maman 'yan biyu daga Zariya

AMSA: Lafiya lau maman 'yan biyu, ya yaran. Ba abu ɗaya ba ne duk da 'yan gida ɗaya ne. Soda ita kaɗai ba ta tayar da komai yadda ya kamata sai ta haɗu da abu mai tsami, kindirmo ko yogot ko lemun tsami, da sun haɗu sai su yi kumfa, kumfar nan ce ke ɗaga kwaɓi. In sodar ta fi ƙarfin tsamin da ke ciki, ragowar da ba ta sami abokin aiki ba ita ce ta ba ki ɗanɗanon sabulun nan da duhun kala. Bekin fauda kuma soda ce da aka riga aka haɗa ta da garin tsaminta da ɗan sitaci don kar ta ja damshi, ruwa kawai take jira, yawancin na kasuwa ma sau biyu suke aiki, sau ɗaya in sun jiƙe sau ɗaya in sun ji zafi. Wani mai haɗa magunguna ne a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, ya haɗa irinta a 1843 saboda matarsa jikinta ba ya karɓar yis, kin ga tun asali don a samu burodi ba tare da yis ba aka yi ta. Muna haɗa biyun ne a nan saboda akwai kindirmo, soda ta kashe kaifin tsaminsa ta ba burodin ja mai kyau, bekin fauda kuma ta ɗauki nauyin ɗaga kwaɓin da 'ya'yan itace suka yi wa nauyi. Abin da za ki riƙe, kowane kofin fulawa ɗaya soda kwatan cokalin shayi ta ishe shi, bekin fauda kuma kusan cokalin shayi ɗaya. In cokalin shayi ne kuma fulawarki kofi 2 ce, cokali biyun da kika sa ya ninka abin da ake buƙata sau huɗu.

Kaka kuma tana da gaskiyarta, kanwa dangin soda ce, kuma da ita iyayenmu suka san kashe tsamin ƙullu tun kafin a kawo ta gwangwani. Matsalar ita ce ƙarfinta ba ɗaya ba ne, ta yau daban ta gobe daban, ga ƙasa a ciki, a waina ko ɗanwake hannu ya saba ana ɗanɗanawa a gyara, a nan kuwa in ya shiga wuta babu gyara. Ki bar kanwa a inda ta fi ƙwarewa. Abu ɗaya da zan ƙara, damshin damina yana kashe bekin fauda a gwangwani ba ki sani ba, kafin ki ɓata ƙwai da mai ki ɗebi rabin cokali ki zuba a ruwan zafi, in ta yi kumfa fuuu tana da rai, in ta yi shiru ki zubar ki sayi sabuwa.

TAMBAYA: Anti ni ba ni da oben, wanda nake da shi na lantarki ne kuma kin san halin wuta. A tukunya zai yiwu?
Amarya daga Gusau

AMSA: Zai yiwu mana amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Na fi shekara goma ina gasa kek a tukunya kafin in mallaki oben. Ki sami tukunya babba mai kauri da murfin da ke rufuwa ruf, ki zuba yashi mai tsabta busasshe ko gishiri a ƙasa kamar kaurin yatsa biyu, ki ɗora wani ƙarfe ko 'yan duwatsu uku a kai don kar gwangwanin ya zauna a kan yashin kai tsaye. Ki rufe ki bar ta ta yi zafi minti 15 kafin kwaɓi ya shiga. Shawarar da zan ba ki da babbar murya, kar ki yi shi a dogon gwangwani ɗaya, ki raba a ƙananan gwangwanaye ko faffaɗan mara zurfi, saboda wannan kwaɓin mai ruwa ne, tukunya kuma daga ƙasa take ba da zafi, in ya yi zurfi gindi zai ƙone tsakiya ba ta ji ba. Ƙananan minti 25 zuwa 30 sun yi. In gawayi ne ki rage na ƙasa ya zama garwashi kaɗan, ki kwashi wasu ki ɗora a kan murfin, su ne za su ba ki jan sama. Kar ki buɗe a minti 20 na farko, kuma in kin buɗe ki goge gumin murfin kafin ki mayar, ɗigon nan in ya sauka a kai yana caɓa shi.

Na lantarkin kuwa, in an ɗauke wuta yana ciki kar ki buɗe ƙofar, in ya riga ya wuce minti 40 zafin da ke ciki yakan kai shi wani wuri, ki hura gawayi ki ƙarasa a tukunya.

TAMBAYA: Hajiya barka da war haka. Ni namiji ne ɗalibi a Turkiyya, a nan sheftali suke ce masa kuma yana da arha sosai lokacin zafi musamman na Bursa. Na gwada ya yi daɗi alhamdulillah, amma kwana uku ya yi funfuna. Sannan wanda na saya da tauri na sa a firij har sati bai nuna ba. Kuma ruwan banila da ake sawa na ji an ce akwai giya a ciki.
Ɗanki daga Istanbul

AMSA: Barka kadai ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka shiga kicin da kanka. Funfunar daga ruwan nan ne dai da muke ta magana, burodi mai ɗanyen 'ya'yan itace ba ya jure ajiya kamar biskit. Ka bari ya huce sarai kafin ka rufe shi, in ka sa a leda da ɗuminsa gumi zai yi. Kwana ɗaya zuwa biyu a waje, daga nan firij, can ma kwana huɗu ko biyar. Tunda kai kaɗai ne ka yanka shi yanka-yanka ka naɗe kowanne ka sa a firiza, yana kai wata uku, da safe ka ciro ɗaya ka ɗumama a kasko. Wanda ya yi funfuna kuma a zubar da shi duka, ba a yanke wajen a ci saura.

Fich mai tauri ba a sa shi a firij, sanyi yana tsayar da nunarsa ya kuma ɓata naman ya koma gari-gari. Ka bar shi a waje cikin jakar takarda, in ka jefa ayaba ɗaya a ciki ya fi sauri, kwana biyu uku zai yi laushi, bayan ya nuna ne ake kai shi firij. Ka kuma zaɓi wanda babu kore a kusa da hancinsa tun a kasuwa, wanda aka tsinka kore zai yi laushi amma zaƙi ba zai zo ba. Ƙwallon kuma in an fasa akwai ɗan abu a ciki kamar almon, ba a cinsa, yana da sinadarin da ke zama guba a ciki, masu yara a kula da wannan.

Maganar banila gaskiya ne, na ruwa na asali da barasa ake jiƙa shi, a Amurka ma dokarsu ta ce sai barasar ta kai kashi 35 cikin 100 kafin a kira shi tsantsar banila, don haka ƙanwata ta Jojiya wannan har da ke, ki riƙa karanta jikin kwalba. Hukuncinsa na malamai ne a tambaye su, ni dai a kicin ɗina na gari nake amfani da shi, kai a Turkiyya ma 'yan ƙananan fakiti na gari da aka haɗa da suga su ne a kowane kanti, fakiti ɗaya ya ishe ka. In ka duba awon da na bayar a sama ma ban sa banila ba sam, kirfa da citta sun wadatar, in fich ɗin na Bursa ne kuma ya nuna a kan lokacinsa ko kirfar ma ka rage ta zuwa rabin cokali.